Majanyin da Na Bari a Alshajara

Sumayya, jikar yayana, ta shigo gida jiya baki har kunne. Wai wata mata a hara, wato unguwar da ke gaba da mu, nan Alsawra, tana neman wadda za ta riƙe mata yaro daga safe zuwa azahar, ita kuwa ta amsa tun ba ta ga ko ƙeyar yaron ba. Ƙawayenta biyu na zaune a bakin gado suna taya ta murna.

"Habboba, kakata, ai shugul sahil ne, aiki mai sauƙi," in ji ta. "Zama ne kawai. Yaro ya yi barci, ni in danna talifon ɗina har uwar ta dawo."

Na dubi faratanta zaƙo-zaƙo, sun sha jan fenti, na ce a raina yarinyar nan kallon kitse take yi wa rogo. Sai da na shanye shayina sannan na ce su matso. Abin da na gaya musu shi zan maimaita a nan, don na san ba su kaɗai ke wannan tunani ba.

Ni Maryama a Jazira aka haife ni, a kambo, sansanin masu cirar auduga, kuma na fara raino tun ban iya daka ba. Mata su shiga gona da asuba, a jibge mana jarirai a gindin wata bagaruwa, ni da Gwaggo Dije, ƙanwar babana, wadda ciwon baya ya hana ta shiga cira. Ita ta koya mini sana'ar, kuma ba da jariri ta fara ni ba. Ƙullin dawa ta ɗora mini a baya, ta ce in ɗaure shi da zane in je bakin kwatar ban-ruwan gona in ɗebo ruwa in dawo. Ranar da ƙullin ya zame, na sha rankwashi. Sai da na iya sunkuyawa in tashi, in tsallake kwata dawar ba ta motsa ba, sannan ta yarda ta ba ni ɗan mutum.

Ɗaurin Gwaggo daban yake da na kowa. Bayan an rufe yaro da zane an soke a ƙirji, sai a kawo majanyi a tallabo ƙasansa, a ja, a ƙulle. Yawancin mata a tsakiyar ciki suke ƙullawa. Ita a gefen hagu take yi, saman ƙugu.

"Ƙullin tsakiya na mai zaman ɗaki ne," haka take cewa. "Mai sunkuyo a hagu take ɗaurawa, kar ya tokare mata ciki, kuma hannu ɗaya ya ishe ta kwancewa."

Da auduga ta daina ciyar da mutane muka taho Khartoum, muka samu ɗaki a Kalakla, na shiga rainon 'ya'yan ma'aikata. Ban taɓa yin na kwana ba. Nawa na rabin yini ne, in zo uwa ta fita aiki, ta dawo in tafi. Mutane na ganin wannan ya fi sauƙi, ni kuwa na ce ya fi wuya. Mai kwana ta zama 'yar gida, yaro nata ne dare da rana. Mai rabin yini kullum sai ta karɓa, kullum sai ta mayar, kuma mayarwar nan ita ce sana'ar. Ranar da zan fara gidan farko Gwaggo ta ja kunnena da magana ɗaya. Ta ce, "Bayanki zai hau motar hafila ya koma Kalakla da azahar, yaro kuwa yana nan wurin uwarsa. Kar ki saba masa da abin da za ki tafi da shi."

Kayan aikina a jaka ɗaya suke. Zane biyu, ɗaya na goyo ɗaya na canji, don wanda bai taɓa shan tumbuɗi a wuya ba bai yi raino ba. Majanyi saƙi, fari da ratsin shuɗi, wanda Gwaggo ta bar mini. Mafici, saboda wutar Khartoum ba ta sallama in za ta tafi. Abin yankan farce, da silifas mara ƙara. Ba zobe, ba awarwaro, ba humra, ba turaren wuta a jikina, don ƙamshi yana kama hancin jariri ya riƙa neman mai shi. Talifon kuwa a ƙasan jaka yake kwana. Yaron da ya fara rarrafe, kafin ki gama karanta saƙo ɗaya ya isa bakin bokiti.

Ranar ɗaukar aiki uwa tana tsammanin ita ce ke gwada ki. Ke ma gwada ta kike yi. Ki tambayi wa ke ba da magani, me yaro ke ci, me ke sa masa ƙuraje. Ki zaga gidan da idon mai rarrafe, ki ga ina tukunyar gas take, ina wayar wuta ta sauko, ina ake ajiye ruwan zafi. Ki tambayi lokacin dawowarta, kuma ki dubi fuskarta sa'ad da take amsawa. Sannan ki faɗa tun ran gini, tun ran zane, cewa raino kika zo yi. Akwai gidan da na shiga a cikin Khartoum, kwana na biyu na tarar an jiƙa mini baho cike da labule a tsakar gida. Na ce wa matar ta zaɓa, ko in riƙe labule ko in riƙe ɗanta, don idona biyu ne kuma duka a gaba suke. Ta zaɓi labule, na ɗauki jakata.

Gidan da ya fi tsaya mini a rai na Ihlas ne, a Alshajara, bayan layin masu walda. Balarabiya ce, yarinya ƙarama, tana aikin ofis daga safe zuwa azahar. Mijinta yana Saudiyya neman abinci, uwarta ta rasu, danginta suna can arewa. Daga ita sai 'yarta Malaz, jaririya da ba ta fara zama ba. Ranar da na je ta ɗauke ni, ba ta yi mini tambaya ko ɗaya daga cikin waɗanda iyaye ke yi ba. Ta buɗe ƙofa da yarinyar a kafaɗa tana tsala ihu, idanunta sun faɗa, ta kira ni Hala, wato inna, ta ce, "Hala Maryama, in kin iya sa ta barci, ki fara yau."

Malaz irin jariran nan ce masu ciwon ciki da kuka. Na gwada kafaɗa, na gwada cinya, na gwada jijjiga a gado, duk a banza. Sai da na sunkuya na ɗora ta a baya na ja majanyi, na shiga kai da kawo a tsakar gida, ta yi ajiyar zuciya ta yi luf. To na san abin da na taro. Matan Larabawan nan ba sa goyo, a kwiɓi suke saɓa yaro ko a kafaɗa. Yarinyar ta samu wurin barcin da babu shi a gidansu. Amma ba a barin jariri ya shiɗe don gudun abin da zai zo gobe, sai dai a shirya wa goben.

Goben kuwa bai daɗe ba. Ba a yi wata ba Malaz ta ƙi uwarta. Ihlas ta shigo da gudu daga aiki, ta miƙa hannu, yarinyar ta kau da kai ta cusa fuska a bayana. In na kwance ta na miƙa, ta banƙare, ta yi ta ihu har in kai bakin titi ina jiyo ta. Da safe in tarar da su biyun kamar an yi musu duka. Wata rana na kwance goyo zan tafi, Ihlas ta zauna daɓas a ƙasa da jakar aikinta a kafaɗa, ta fashe da kuka.

"Ya Hala, 'yata ba ta sona. Ni na haife ta, amma ke ta sani. Ko dai ki dawo nan da kwana, ko ni in bar aikin, ba zan iya ba."

In ta bar aikin, haya da madara sun tsaya, don abin da mijin ke aikowa ba kullum yake zuwa ba. In ni na dawo da kwana, yarinyar ta zama tawa ke nan, uwar ta zama baƙuwa mai kawo cefane. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so kwanan. A lokacin malam, mijina, ya rasu, 'ya'yana maza sun tafi haƙar zinariya, macen tana aure a Gadarif. Ɗakina na Kalakla, in na shiga da la'asar, ba mai ce mini sannu sai rediyon maƙwabta. Amma muryar Gwaggo na kunnena.

Na ce, "Ya bitti, 'yata, ba ni take so ba, baya take so. Ke ma kina da shi. Tashi in koya miki."

Ta ɗago tana share hawaye, ta dube ni kamar na ce ta fita ba mayafi. "Ni in yi goyo? Maƙwabta su ce me? Uwar mijina ta ce goyo yana sa ƙafar yaro ta yi baka. In ta gan ni a talifon cewa za ta yi na zama Fallata." Sunan da suke kiranmu mu Hausawa ke nan.

Na ɗage zanena na nuna mata ƙafafuna. Na ce, "Ga ƙafar da ta yi shekara biyu a bayan uwa, nuna mini bakan. Su maƙwabtan, akwai wadda ke zuwa taya ki jijjiga in yarinyar ta hana ki barci?"

Ta dubi ƙofar gida. Can ta ce, "To a rufe ƙofa."

Babu ƙullin dawa a gidan, sai wata kankana da ta sayo a hanya. Da ita muka fara. Na ce ta sunkuya, bayanta ya miƙe kamar tebur, ta riƙe kankanar da hannu ɗaya, ta yarfa zane da ɗayan. Karon farko kankanar ta gangaro ta gefe na cafe. Na biyu ta ɗaure zanen a wuya kamar mai shirin aski. Na uku ta miƙe da murna tana cewa ta iya, kankanar ta sulale ta ƙasa ta tarwatse a siminti. Muka tsaya muna kallon jan cikinta, sai dariya ta ƙwace mana, muka zauna muka cinye 'yar tamu. Ranar na fara ganin haƙoran Ihlas.

Kullum in ta dawo sai mun yi darasi kafin in tafi, da matashin kai, da buhun sukari, har hannunta ya faɗa. Na nuna mata yadda ake raba ƙafafun yaro a kan ƙugu, yadda zane ke tallabe ƙeya, yadda za ta sa yatsa ta ji ko ɗaurin ya matse, da ƙullin nan na hagu. Ranar da na ɗora mata Malaz da kanta, ita ta ja majanyi ta ƙulle. Yarinyar ta fara ihu, ta waigo tana nemana. Na koma bayan ƙofar kicin na tsaya inda ba za ta gan ni ba, ina ce wa uwar, "Yi tafiya. Kar ki tsaya. Bubbuga ƙasanta a hankali, yi mata magana, ta ji muryarki ta cikin bayanki." Ta kai bango ta dawo, ta kai ta dawo. Kukan ya koma ƙunƙuni, ƙunƙunin ya ɗauke. Ihlas ta tsaya cak a tsakar gida, ta kasa ko juyawa, ta ce da raɗa, "Hala, ta yi barci?" Na ce ta yi.

Saura rabin aikin, kuma shi ne mai ɗaci. Daga ranar na fara janye bayana. Da farko na daina goya ta in azahar ta kusa, in zaunar da ita a tabarma muna wasa da murfin tukunya, don barcin ya jira uwarta. Daga baya na daina goyon gaba ɗaya sai in ba ta da lafiya. Takan rarrafo ta kama zanena ta baya tana bubbuga ni, in yi kamar ban gane ba, in ɗauko ta a cinya. Majanyin ma na daina tafiya da shi, na rataye shi a ƙusar bayan ƙofarsu. Ba a daɗe ba, da ta ji motsin makulli sai ta watsar da ni ta nufi ƙofa, uwar ta ajiye jaka ta sunkuya, ita kuma ta haye. In yi musu sallama, wani lokaci ko waigowa ba ta yi. In shiga hafila in jingina da kujera, in ji bayana wayam, sanyi na shigarsa ko da zafin Khartoum. Na yi kewar nauyin nan ƙwarai, amma aikin ya yi kyau.

Sai shekarar yaƙi ta zo. Cikin azumi ne. Ranar Alhamis na ce musu sai Lahadi, Malaz ta fara takawa tana bin bango, ta ɗaga mini hannu. Ranar Asabar gari ya kama da wuta, kuma Alshajara na cikin inda abin ya fi muni. Na kira talifon ɗin Ihlas har na gaji, ba ya shiga. Hanyar da nake bi kullum ta zama ba ta biyuwa. Daga baya mu ma muka bar Kalakla da abin da hannu zai iya ɗauka, muka koma Jazira, yaƙin ya biyo mu can, na ƙarasa Gadarif wurin 'yata. Sana'a ta mutu murus, don ba mai ɗaukar mai raino a garin da ba mai fita aiki. Na yi tsintar albasa a gonar mutane, na yi wankin kofuna wurin mai shayi. Duk jaririn da na ji yana kuka a tasha sai na waiga. Ban san ko suna raye ba, kuma ba wanda zan tambaya, don mai raino ba dangi ba ce, ba a aiko mata da labari.

Da abubuwa suka lafa na dawo, na tarar ɗakina na Kalakla ko ƙofa ba a bar masa ba, shi ya sa kuka gan ni a nan Omdurman ina cin tuwon gidan yayana. Watannin baya ina layin burodi a kasuwar unguwa, na ji an ce, "Hala Maryama!" Kafin in juya an rungume ni. Ihlas ce, ta rame, ta yi duhu, amma ita ce. Muka koma gefe muka zauna a dakalin wani shago, ta ba ni labari.

Ta ce kwanaki suka yi a ƙarƙashin gado, da ruwa ya ƙare ta fito. Ba mota, sai ƙafa. Ta fizgi majanyin daga bayan ƙofa ta goya Malaz, jarka a hannu ɗaya, jaka a ɗayan. "Ya Hala, na ga mata da yara a kwiɓi, hannu ya mutu, suna zubar da kayansu a hanya, wata ta ajiye yaro ta huta ya ruga cikin mutane. Ni tawa tana manne da ni, ta sa kunne a bayana, duk ƙarar nan barci take yi." Ta ce a hanya wata tsohuwa ta ga ɗaurin ta yi mata magana da Hausa, ita ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma tsohuwar ta ba ta ruwa ta sama mata wuri a bayan lori. A makarantar da suka fake kuwa, mata suka riƙa zuwa da tob ɗinsu, wato lafaya, tana koya musu. Har uwar mijin, da suka isa arewa, ta duba ƙafafun yarinyar ta ga ba baka.

Duk wannan labari, wata 'yar yarinya tana laɓe a bayanta, ta riƙe gefen tob tana leƙena da ido ɗaya. Ihlas ta jawo ta gaba.

"Malaz, ga Hala Maryama. Ita ta raine ki. Gaishe ta mana."

Yarinyar ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta girgiza kai, ta ce da Larabci, "Ban san ta ba." Ta koma ta cusa fuska a bayan uwarta, daidai yadda take cusawa a nawa.

Ihlas ta ji kunya, ta fara ba ni haƙuri, tana cewa yarinta ce, za ta kawo ta gida mu saba. Na ce ta bar ta, haka ya kamata. Ta ce majanyin yana nan, ya tsufa amma ta adana, za ta maido mini. Na ce ba nawa ba ne kuma. Ban tambaye ta ko tana neman mai raino ba, don ta riga ta ce yarinyar ta shiga rauda, makarantar ƙananan yara, ita ke kai ta ita ke ɗauko ta.

Da suka tashi tafiya ne na ga abin da ke bayan Malaz. Wata 'yar tsana ce ta roba mai hannu ɗaya, ta goya ta da tsohon ɗankwali. Na ce wa uwar, "Ke kika ɗaura mata?" Ta ce, "Ina! Ita ke abinta, ba ta yarda kowa ya taɓa." Na bi su da ido har suka sha kwanar masu gawayi. Ƙullin yana gefen hagu, saman ƙugu, inda Gwaggo Dije ke sa nata a gindin bagaruwa. Yarinyar ba ta waigo ba.

Na koma layi na tarar an wuce ni, na sake bin baya. Na yi kuka kaɗan a cikin mayafi, ba na musu.

Da na kai nan, ƙawayen Sumayya sun daina taɓa talifon. Sumayya ta ce, "Habboba, yanzu duk wahalar nan, ko sunanki ba ta sani ba?"

Na ce, "Ta san bayan uwarta. Abin da aka ɗauke ni in yi ke nan."

Na zaro abin yankan farce daga ƙasan jakata na miƙa mata. Na ce ta fara da faratan nan nata, in ta gama ta ɗauko mini buhun sukarin can da zane, ta zo ta sunkuya.